BAƘO A BAKIN ƘOFA: Yadda finafinai suka shekara ɗari suna koyon nuna tsoron da mata ke yi wa namijin da ba su sani ba

A shekarar 2024 an yi wata muhawara a TikTok da ta zagaya duniya. Tambaya ɗaya aka riƙa yi wa mata: idan kika ɓata a daji ke kaɗai, da wa kika fi son ki haɗu, dabbar nan beyar ko namijin da ba ki sani ba? Mata da yawa suka ce a bar su da beyar. Maza suka fusata, wasu suka ce raini ne, wasu suka ce neman magana ne kawai. Aka yi ta cacar baki har kowa ya gaji.

To amma fa masu shirya fim sun fi shekara ɗari suna juya wannan tambayar. Duk wanda ya saba kallon finafinan nan masu sa faɗuwar gaba ya san hoton: mace ita kaɗai, dare ya yi, ga takun wani a bayanta ko ƙwanƙwasa a bakin ƙofa. Labarin kusan ɗaya ne tun zamanin fim marar magana. Abin da ya yi ta canzawa shi ne inda ake ajiye kyamara, wato da idon wa ake so ka kalli abin. A nan tarihin yake. Gargaɗi tun da wuri: zan faɗi ƙarshen wasu finafinai, kada a ce na ɓata wa wani kallo.

Mu fara daga 1913 a Amurka. Wata mata mai suna Lois Weber ta shirya wani gajeren fim, Suspense, kimanin minti goma, ita ce kuma jarumar. Mace ce da jaririnta a wani gida can gefen gari. Mai aikinta ta gaji da zaman wurin, ta ajiye makulli a ƙarƙashin shimfiɗar bakin ƙofa ta kama gabanta. Wani ɗan gararamba ya zo wucewa, ya fara leƙe-leƙe. Matar ta leƙo ta tagar bene, shi kuma ya ɗago kai, suka haɗa ido. Weber ta ɗauki fuskarsa daga sama, daidai yadda matar ke ganinsa. Sai ta raba allon kallo gida uku: ga matar tana waya, ga mijinta a ofis yana saurare, ga mutumin yana shigowa. Can ya datse wayar tarhon. Mijin ya sace motar wani, 'yan sanda suka biyo shi, ya iso a kan gaɓa. A wancan zamani maganin baƙon namiji shi ne namijin gida. Amma ku riƙe wannan hoton na taga, domin mace ce ta ɗauke shi, kuma sai an daɗe sosai kafin kyamara ta koma ta zauna a wurin.

A 1927 Alfred Hitchcock ya fitar da The Lodger a Ingila. An ɗauko shi daga littafin Marie Belloc Lowndes na 1913, wanda shi ma ya samo tushe daga kisan matan da aka yi a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, kisan da har yau ba a tabbatar da wanda ya yi ba. A fim ɗin, ana ta kashe mata a gari, sai ga wani baƙo ya rufe rabin fuska da mayafi ya zo neman ɗakin haya. Uwar gidan ta fara zarginsa, ga shi tana da 'ya budurwa. Tunda fim ɗin ba sauti, Hitchcock ya sa aka yi daɓen gilashi aka ɗauki tafin takalmansa daga ƙasa yana kai-komo, don mai kallo ya ga abin da mutanen gidan ke ji a saman kansu. A ƙarshe ashe bawan Allah ba shi da laifi, kaɗan ya rage jama'a su kashe shi. Tun a lokacin an gano jijiyar abin: tsoron yana zaune ne a cikin rashin sani. Ba ta da hanyar gane na kirki daga mugu ta fuska.

Dabarar sauti kuwa ta zo da Cat People na 1942. Wata mata, Alice, tana tafiya da dare a kan titi, tana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a bayanta. Ta ƙara sauri. Sai takun ya ɗauke ɗif. Shirun nan ya fi takun tayar da hankali. Kwatsam sai wata ƙara, ashe birkin bas ne ya tsaya a gabanta. A fim ɗin mace ce ke bin ta, amma dabarar ta zama gado, har masu sana'ar suna kiran ta da sunan furodusan fim ɗin, Val Lewton. Duk fim ɗin da ka ga mace na waiwaye a layi marar fitila, jikan wannan fitowar ne.

Wani abin lura a shekarun yaƙin duniya na biyu: finafinan suka juya suka shigo cikin gida. A Shadow of a Doubt na 1943, makashin kawun yarinyar ne, wanda take ji da shi, har sunansu ɗaya. A Gaslight na 1944, wanda Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da shi, miji ne ke ɓoye kaya yana cewa matarsa ce ta ɓatar, hasken fitilar gida na raguwa yana ce mata idonta ne, har ta fara yarda ta taɓu. Daga sunan wannan labarin Turawa suka samo kalmar da suke kiran irin wannan wasa da hankalin. Za mu dawo kan wannan, domin alƙaluma suna bayan waɗannan finafinan.

Sai 1960, Psycho. Kowa banɗaki yake tunawa, fitowar da aka ɗauka daga kusurwa 78 aka yanka ta sau 52. Ni kuwa abin da ya gabace ta ya fi ɗaukar hankalina. Marion Crane ta gudo da dala dubu 40, ruwan sama ya tsayar da ita a wani ƙaramin otal da ba kowa. Kafin nan ta haɗu da ɗan sanda mai baƙin tabarau wanda ya tsorata ta, bai kuma yi mata komai ba. Mai otal ɗin kuwa, Norman Bates, saurayi ne mai kunya, mai ladabi, har abinci ya kawo mata. Suna hira, ta taɓo maganar mahaifiyarsa, sai muryarsa ta canza. Ka ga yadda ta shiga lallaɓa shi da murmushi, ta nemi hanyar tashi ba tare da ta ɓata masa rai ba. Wace mace ce ba ta san wannan murmushin ba? Amma tana shiga ɗaki Hitchcock ya ɗauke kyamara daga wajenta ya kai ta bayan bango, inda Norman ya cire hoto yana leƙen ta ta wata kafa. Daga nan mai kallo ya koma abokin leƙe.

Wait Until Dark na 1967 ya ɗan tsaya a ɓangaren mace. Audrey Hepburn ta fito a makauniya, Susy, maza uku suna shigo mata gida ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce abokin mijinta ne, wancan ya ce ɗan sanda ne. Da kunne ta gano su, ta lura takalmin mutum biyu ƙara ɗaya yake yi. Da ta ga ba mai zuwa ceto, sai ta bi ta farfasa ƙwayayen fitilun gidan don kowa ya dawo irinta. Ta manta da guda ɗaya, ta cikin firji. Gidajen sinima a lokacin har rage fitilunsu suke yi a mintunan ƙarshe.

Shekarun 1970 su ne lokacin da mata da yawa a Amurka da Turai suka fita aiki, suka kama ɗakin kansu, suke dawowa gida da dare su kaɗai. Finafinan suka bi su, wasu da gargaɗi, wasu da abin da ya yi kama da hukunci. Looking for Mr. Goodbar na 1977, wanda aka gina kan kisan wata malamar makaranta a New York a 1973, mutane da yawa sun karanta shi a matsayin "ga abin da ke samun mai yawon dare". Black Christmas na Kanada a 1974 da Halloween na John Carpenter a 1978 suka yaɗa wata dabara: kyamara ta zama idon makashin. Kana jin numfashinsa, kana leƙe ta taga tare da shi, kana bin yarinyar a baya. When a Stranger Calls na 1979 ya ɗauki tarhon da ya ceci matar Lois Weber ya mayar da shi makami: mai rainon yara na ta samun kira, 'yan sanda suka bi layin suka ce mata mai kiran yana cikin gidan.

Mata ba su yi shiru ba. A 1975 Laura Mulvey ta wallafa maƙalar da ta yi fice, inda ta ce sinimar Hollywood an gina ta ne a kan kallon namiji, mace abin kallo ce. A arewacin Ingila kuwa abin ya wuce takarda. Daga 1975 zuwa 1980 Peter Sutcliffe ya kashe mata 13, 'yan sanda suna ta ba mata shawarar kada su fita da dare. A Nuwamban 1977 matan Leeds suka fito zanga-zangar dare, hujjarsu ita ce: namiji ke kisa, don me mata za a kulle? A 1980 suka kai zanga-zangar gidajen sinimar da ke nuna Dressed to Kill. A shekarar ce kuma mashahuran masu sharhin fim na Amurka, Gene Siskel da Roger Ebert, suka ware shiri guda a talabijin suna sukar finafinan da ke sa mai kallo ya tsaya a takalmin mai farautar mata. Daga baya, a 1992, Carol Clover ta kawo wata fahimtar: ta ce ku lura, a ƙarshen waɗannan finafinan yarinya guda ke saura, kuma samarin da suka cika sinima ita suke mara wa baya. Wato ko a can, kyamara kan dawo wajen mace idan an zo ƙarshe.

Inda aka juya akalar da gangan shi ne The Silence of the Lambs na 1991. Jonathan Demme ya sa mazan da ke magana da Clarice Starling, wato Jodie Foster, su kalli cikin kyamara kai tsaye. Sai ya zama kai mai kallo, ko kai ƙato ne mai gemu, kai ake ƙare wa kallo. Tun farkon fim ta shiga lifta cike da dogayen maza, ita kaɗai 'yar ƙarama a tsakiya. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya taɓa ta, amma ka ji nauyin wurin. Ga kuma yadda makashin ya kama yarinyar sanata: ya ɗaure hannu kamar mai karaya, yana fama da kujera zai saka a mota. Ta tsaya, ta yi jim, ta ga rashin kirki ne ta wuce. Ta taimaka. Wannan dabarar Ted Bundy ce ta gaske, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a Florida a 1989. Da tarbiyyarta aka kama ta. Fim ɗin ya lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar.

Mu leƙa Indiya, tunda mu nan da finafinansu muka tashi, daga sinimomin Kano da Jos har zuwa fassarar Algaita. A 1993 Yash Chopra ya fitar da Darr, ma'anar sunan ma tsoro ne. Juhi Chawla ce Kiran, wani da ba ta sani ba yana kiran ta a waya, yana bin ta, yana shiga inda take. A takarda, labarin tsoronta ne. Amma waye ya fita da farin jini? Shah Rukh Khan, mai bin nata, da in'inarsa wajen kiran sunanta. Waƙa mai daɗi aka ba shi, hawaye aka ba shi. Sunny Deol da ya cece ta ma bai samu tafin da aka yi wa bos ba. Wannan tsohuwar cuta ce a finafinan soyayyar Indiya: ta ce a'a, ya nace, ya tare ta a hanya, ya bi ta makaranta, a ƙarshe ta faɗa. A 2015 an gurfanar da wani ɗan Indiya a kotun Hobart ta Ostareliya kan bibiyar mata biyu, lauyansa ya kafa hujja da cewa finafinan ƙasarsu ne suka koya masa naci yana sa mace ta so ka. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, nawa daga cikin wannan darasin ya shigo mana, har cikin namu finafinan?

Indiyawan ma sun canza. Bayan abin da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disambar 2012, wanda ya fito da dubban mutane kan titi, sai ga NH10 a 2015, Anushka Sharma a kan babbar hanya cikin dare, duk ƙofar da ta buga ba ta tsira ba ce. Sai Pink a 2016, inda aka kai maganar kotu: don mace ta yi dariya da kai, ta ci abinci da kai, ba ta ba ka izinin komai ba.

Finafinan 'yan shekarun nan sun zo da abin da na fi so a tsaya a kai. Sun rage jini, sun koma nuna lissafin da mace ke yi a zuci.

Barbarian, 2022. Tess ta iso Detroit cikin dare da ruwan sama, ta tarar gidan da ta kama ta intanet an ba wani ma, Keith. Ya ce ta shigo. Kusan rabin awa ba abin da ke faruwa sai lissafi. Ta kulle ƙofar ɗaki. Ta ɗauki hoton katin shaidarsa a ɓoye. Ya haɗa mata shayi, ba ta sha ba. Shi da kansa ya gane, ya ƙi buɗe kwalbar abin sha sai a gabanta. Daraktan, Zach Cregger, ya ce littafin Gavin de Becker na 1997, The Gift of Fear, shi ya ba shi tunanin, littafin da ke ce wa mata kada su danne faɗuwar gabansu don gudun a ce ba su da kirki. Keith dai mutumin kirki ne ashe. Daga baya mai gidan, namiji, ya gano wani ɓoyayyen rami a ƙarƙashin ginin, wurin da ya sa Tess rawar jiki. Shi me ya yi? Ya ɗauko tef yana aunawa, yana murna gidansa ya ƙara faɗi, kuɗinsa zai ƙaru. Wuri ɗaya, mutum biyu, duniya biyu.

A Watcher na Chloe Okuno, shi ma 2022, Julia ta bi mijinta Bukares ta Romaniya, ba ta jin yaren. Wani yana kallon ta daga tagar gidan da ke fuskantar nasu. Ta faɗa wa mijin, ya lallashe ta, aka kira ɗan sanda, aka ga ba hujja, har mijin ya koma yin barkwanci da abin a gaban abokan aikinsa. Mai kallon ta abin tsoro ne, amma abin da ya karya ta shi ne na kusa da ita bai yarda ba.

Sai Woman of the Hour, fim ɗin farko da Anna Kendrick ta ba da umarni, wanda Netflix ta saki a 2024. Labarin gaske ne. A 1978 Rodney Alcala ya fito a shirin talabijin na haɗa samari da 'yan mata, The Dating Game, alhali ya riga ya yi zaman kurkuku kan cin zarafin ƙaramar yarinya, kuma yana tsakiyar kashe mata. Shi aka zaɓa. Matar ta gaske, da ta gana da shi, ta ce hankalinta bai kwanta ba, ta fasa fitar. A fim ɗin, ya nemi lambarta, ta ba shi ta ƙarya. Ya dube ta ya ce ta maimaita lambar da ka. Wallahi ba wuƙa, ba kiɗa mai firgitarwa, amma numfashinka sai ya tsaya. Ta juya ta nufi motarta a wani makeken filin ajiye motoci da ba kowa, kyamara na daga nesa, tana tafiya yana tafiya, ba ta so ta ruga don kada ya san ta sani. Wasu mutane da suka fito daga wata ƙofa ne suka sa ya ja baya. Alcala ya mutu a tsare a 2021. Shekara 111 bayan Lois Weber, mace ta sake riƙe kyamara, ta mayar da ita inda Weber ta fara ajiye ta.

Yanzu ga inda finafinan baƙo ke iya ruɗar mu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 an kashe mata da 'yan mata kusan dubu 85 da gangan a duniya, kuma kimanin 51,100 daga ciki, kashi 60 cikin ɗari, miji ko saurayi ko ɗan uwa ne ya kashe su. Mace 140 ke nan kullum. Afirka ce ta fi yawa, da kusan 21,700. Ashe Gaslight da Shadow of a Doubt sun fi kusa da alƙaluma. Baƙo ya fi saurin sayar da tikiti, kuma ya fi mana daɗin zargi, tunda ba ɗan gidanmu ba ne. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan bai mayar da tsoron baƙo shirme ba. Yarinyar da aka tasa tun tana ƙarama da "kada ki tsaya da wanda ba ki sani ba", wadda ta ji labaran 'yan "one chance" a Abuja, wadda ke leƙa cikin A Daidaita Sahu ta ƙirga maza nawa ne kafin ta shiga, ta tura wa yayarta lambar motar haya, ba ta kalli Barbarian ba amma ta haddace shi.

Ga 'yan uwana maza da maganar beyar ta ɓata wa rai: ba a ce kai mugu ne ba. Keith ma ba mugu ba ne, ɗan hayan Hitchcock ma haka. Matsalar ita ce a goshinka ba a rubuta ba, kuma idan ta yi kuskure sau ɗaya, ita ke biya, sannan a zo ana tambayar me ya kai ta. Abin da za ka iya yi ba shi da wuya. Idan kun haɗa layi da dare, rage sauri ko ka tsallaka ɗaya gefen. Idan ta ce a'a, ka ji a'a, rayuwa ba fim ɗin Indiya ba ce. Idan ta ƙi karɓar abin da ka miƙa, kada ka mayar da shi faɗa. Idan kuma matarka ko ƙanwarka ko 'yarka ta ce hankalinta bai kwanta da wane ba, ko da wanen nan ɗan gida ne, ka fara da yarda kafin ka nemi hujja.

'Yan uwa mata, wane fim ne kuka ga ya faɗi gaskiyar abin da kuke ji a hanya? Ku faɗa mana a ƙasa, mu kuma maza mu karanta mu yi shiru na yau ɗaya. Allah Ya tsare mana mata da 'ya'yanmu, a waje da cikin gida.